Kwanon da na Ɗauko daga Gindin Lemo

Katanga ce kawai tsakanin lambuna da na maƙwabciyata, amma latas ɗinta ya yi shar, nawa kuwa kullum kyanwoyin unguwa sai sun tone shi. Na barbaɗa barkono, na shimfiɗa ƙaya, duk a banza. In ta miƙo min tumatir tana murmushi, ji nake kamar in jefe ta da shi.

Na lura duk magariba tana ajiye kwanon madara a gindin lemonta. Na ce ashe cin hanci take ba su. Ran nan bayan isha na haura na ɗauko kwanon, na ajiye cikin latas ɗina.

Ina juya baya na ji ana lasa. Wata tsohuwa ce durƙushe, hannuwa a ƙasa, harshe cikin madarar. Kyanwoyi sun jeru kan katanga, ba wadda ta sauko.

Na haska ta da tocila na ce, "Iya, ta ina kika shigo?"

Ta ɗago. Hasken tocilata ya dawo kore daga idanunta.

"Sannu, 'yata," ta ce a hankali. "Shekara bakwai maƙwabciyarki tana jiran mai ɗaukar kwanon nan. Daga yau ke ce mai ba ni madara."