Fatar Kan Aspak

Rana tsaka suka faɗo mana. Maza duk sun tafi korar dawaki, sai ni da mijina Aspak maƙeri a gindin amalankenmu. Mahaya uku, fuska a rufe. Babbansu ya diro ya shure zugazugi.

"Tsoho, ina barewar?"

Barewar zinariya ce ta garkuwar sarki, ƙafafu a naɗe, ƙahoni sun kwanta har gadon baya. Shekara biyu Aspak yana bugunta. Ya ce su bari ya ƙarasa mata ido. Gatari suka ba shi amsa. Na yi kansu da muciya, ɗaya ya make ni da gindin baka, na zube. Da na farfaɗo babu barewa, babu fatar kan mijina. Ita nake nema, don ba zan binne shi da kai a fiɗe ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin ɗaya daga cikin ɓarayin na ji shi. Sarmak ne shugaba, sai Tuvar, sai Barzan. Sun zuba jininsu a ƙoƙon giya, sun tsoma takubba, sun sha rantsuwa. Da suka haye kogi Sarmak ya ce a narkar da ita. Tuvar ya ce shi ba ya jefa barewa a wuta. Suka karya ƙahonin suka raba, suka binne gangar. Mahayan sarki suka yi kwana shida suna bin sawu, ruwa ya shafe.

Barzan ne ya kashe su da wautarsa. Shekara talatin bai taɓa kashe abokin gaba ba. Duk bikin shekara, in ana ba jarumawa giya, can gefe ake zaunar da shi, mata na masa dariya. Sai ga shi bana ya zo da fatar kai a linzami, ya miƙa ƙoƙo, wai ta wani jarumin hayin kogi ce.

Ina rabon nonon goɗiya na gan ta. Furfura ce, gefen hagu a babbake. Shekara arba'in ina kitsa gashin nan. Na kama linzamin.

"Kai, ragon maza, a wane yaƙi ka samo wannan?"

"Iya, sakar min doki."

"Tsoho mai guduma ne jarumin naka?"

Kafin mahayan sarki su gama ɗaure shi ya zayyana komai — sunaye, kogin, ramin. Tuvar ya gudu, kibiya ta same shi a wuya. Sarmak aka sare a gaban jama'a, yana tsine wa rantsuwar da ya sha. Sarki ya karɓi barewarsa, guntuwa.

Barzan kuwa aka sake shi, ladan bakinsa. Na ce a ba ni fatar. Dattawa suka ce ai wanda ya fiɗe, shi ke da ita, haka aka gada. Suka turo min tumaki goma diyya. Na kora su har ƙofar tantin sarki, na ce tumaki ba sa maye gurbin maƙeri.

Ku dattawa, ku ji da kyau. Na cika cikin Aspak da ganyen ƙamshi, na shafe shi da kakin zuma, yana kwance cikin amalanke. Ƙasa ta fara daskarewa, nan da wata guda ba mai iya haƙa. Gobe zan ɗaura shanu in ja shi zuwa bakin tantinku. Can za mu ci sanyin bana, ni da shi, kuna shiga kuna fita kuna ganin kansa.