Marini da Tafkin Gari

Tun kakanninmu suna goye, an yi wani marini a wani gari mai tafki ɗaya tak. Nan mutane ke sha, nan dabbobi ke sha.

Wata rana fatake suka kawo masa farin saƙi mai yawa, suna sauri. Ga shi ruwan rininsa ya mutu, sai an kwashe an kai can bayan dutse an zubar kafin a haɗa sabo.

Matarsa ta ce, "Maigida, ga tafki kusa. Zuba ciki mana, kada aikin ya wuce ka."

Ya cika tulu da mataccen ruwan rinin ya tafi. Da ya sunkuya zai zuba, sai ya ga sama kwance cikin ruwan, shuɗiya shar, tsuntsaye suna ratsa ta. Ya duba, ya sake dubawa. Tun da yake rini bai taɓa fitar da shuɗi irin wannan ba.

Ya saɓa tulunsa ya nufi bayan dutse. Kafin ya gama jigila, fatake sun tashi da kayansu.

Matar ta ce, "To, me ya hana ka?"

Ya ce, "Na tarar Ubangiji ya riga ya rina shi. Ina ni ina ɗora nawa a kai?"