Ɗan Tsakon da Aka Kawo wa Lantana Jinya

Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka kada in ji dariya. Ku matso.

Lantana mace ce mai hannu a kiwon kaji, amma akwai gaggawa. Wata rana, rana na tsaka, ta gama figar kaza, ta ɗauki ruwan zafin yana tururi ta watsa bayan rumbu. Ba bismilla, ba "ku kauce". Sai ta ji wata ƙara siririya. Ta leƙa. Babu komai sai jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Kafin la'asar, 'yarta Delu, wadda ta fara tafiya har tana bin awaki, ta zube a tsakar gida. Aka ɗaga ta, ta sake zubewa. Ƙafafun sun saki kamar tsumma, kan ya karkata gefe guda.

Washegari da rana tsaka, miji na gona, uwar mijin, Iya Hajo, ta tafi barka. Kajin gidan suka yi tsit. Lantana ta ɗago kai, sai ga wata doguwar mata tsaye, lulluɓe da baƙin zane, riƙe da ƙoƙo. Ba ta yi sallama ba.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga ina?"

"Daga inda kike zubar da ruwa."

Ta hanci muryar ke fita. Lantana ta sunkuyar da kai, idonta ya sauka kan ƙafafun baƙuwar. Kofato ne, irin na jaki.

Matar ta ajiye ƙoƙon. Ɗan tsako ne a ciki, ƙafafunsa sun saɓule, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, wuyan a murɗe.

"Ɗana ne. Yana wasa kika dafa shi. Na mai da shi abin da kika iya riƙo. Ki tashe shi."

"Wallahi ban gan shi ba."

"Kin tambaya?" Matar ta juya ta dubi Delu a kan tabarma, ta daɗe tana kallo. "Ranar da nawa ya taka, taki za ta taka. Zan dawo."

Lantana ba ta gaya wa kowa ba. Iya Hajo ta sha yi mata faɗa kan watsa ruwan zafi, ba za ta iya jin "ai na gaya miki" ba. Girman kai ke nan.

Ta shiga jinya. Ta shafa wa ƙunar man kaɗe da gashin kaza. Ta zaro zare daga bakin zaninta ta ɗaure ƙafafun biyu sako-sako, ta bar faɗin yatsa a tsakani don kada su bazu. Daɓen ɗakin santsi gare shi, sai ta shimfiɗa tsohon buhu yadda farcensa zai sami abin kamawa. Ta tokare wuyan da auduga. Ruwa da yatsa take ɗiga masa a gefen baki, don in ta bar shi da kasko, kifewa zai yi a ciki. Gero jiƙaƙƙe da gwaiduwar dafaffen ƙwai, ɗai-ɗai take sa masa.

Shi kuwa bai yafe ba. Idonsa ba ya ƙiftawa. Duk sanda ta miƙa hannu sai ya sare ta, har jini ya fito. Ta haɗiye, ta sake miƙawa.

"'Yarki na kwance kina jinyar tsako?" in ji Iya Hajo. "Jefa wa shaho wannan gurgun!"

"Inna, don Allah ki bar mini shi."

"Oho. Ke kika ga za ki iya."

Ranar da tsakon ya riƙe kansa daidai, wuyan Delu ya miƙe. Ranar da ya tsaya yana rawa kamar mai jin sanyi, Delu ta dafa turmi ta tsaya. Ya faɗi, ta faɗi. Lantana ta ci gaba da tallafe shi da tafin hannu tana sakinsa kaɗan-kaɗan, har wani hantsi ta kwance zaren, ya taka da kansa daga bakin buhu zuwa ƙofa. Ta kife shi da kwando, ta ɗauki tulu ta ruga rijiya, ranta fari ƙal.

To, a garin nan kaji tare suke kiwo, kowane gida da alamarsa. Wasu su ɗaura ƙyalle, wasu su shafa shuni. Gidan su Iya Hajo yatsan baya na ƙafar hagu ake yankewa. Tsohuwa ta ɗaga kwando ta ga gurgu ya warke.

"A'a! Ka tashi? An sha wahalarka, ba za ka ƙare a tukunyar maƙwabta ba."

Ta ɗauko reza.

Lantana ta dawo ta tarar da jini a kan buhu. Tulun ya suɓuce ya fashe.

"Inna! Me kika yi?"

"Alama na sa masa. Yau kika fara gani?"

Kaji suka yi tsit.

Ba su ga shigowar doguwar matar ba. Ganinta kawai suka yi a tsakaninsu. Ta ɗauki tsakon, ta juya ƙafar, ta duba. Ta dubi Iya Hajo.

"Wannan fa?"

"A... alamar gida ce."

"Ta mece ce?"

"Don a san namu ne."

"Naku." Matar ta gyaɗa kai a hankali. "Haka kuke yi ashe. Ku ƙona, ku yanka, ku ce naku ne."

Lantana ta zube ƙasa. "Ya taka! Na tashe shi, kin gani! Ki yanki nawa yatsan!"

"Naki me zai yi mini? Na ce za ta taka, za ta taka."

Ta durƙusa gaban Delu, ta taɓa ƙaramin yatsan ƙafarta na hagu. Ya faɗo kamar busasshiyar gyaɗa. Ba jini, ba kuka.

"Don a san tamu ce."

Ta saka tsakon cikin zane ta nufi bayan rumbu. Delu ta miƙe tsaye, ƙafa garau. Ta taka. Ta wuce uwarta ko kallo babu, ta bi bayan matar. Da ƙyar Lantana ta cafko ta.

Delu ta girma, ba ta ƙara faɗuwa ba. Amma duk sanda rana ta take tsaka, ko abinci take ci, sai ta ajiye ta miƙe ta nufi wurin nan. Aka rushe rumbun, ba ta daina ba. Aka bar garin, sai ta riƙa juyawa wajen tsohon garin. Lantana ta yi furfura tana zaman tsakar rana riƙe da wuyan hannun 'yarta, ko gyangyaɗi ba ta yarda ta yi.

Ku masu saurin ɗaukar reza, tsakon da ba ku ga ƙyanƙyasarsa ba, ku tambayi mai shi kafin ku taɓa. Ku tashi ku kwanta.