Hoton da Baaba Ya Rataye a Zaure

Ƙawata, matso ki ji abin da ya faru a wani gida a Dubeli, shekarar da mutanen Mubi suka kwararo Yola da ƙafa suna gudun rikici.

Raliya na tsakar gida tana tankaɗen garin masara, sai ga Jibrilla, saurayin da aka riga aka sa musu rana, ya yi sallama da jakar leda a hannu. A Mubi yake karatun tarihi, ya gudo bai tsira da komai ba sai wannan jakar.

"Ajiye mini, don Allah. Mu goma sha biyu ne a ɗaki ɗaya a Vinikilang, yara za su yage. Furojet ɗina ne na gama karatu."

"Mutane na gudu da katifa, kai da takardu!" Ta yi dariya ta karɓa.

Garin shiga ɗaki wani hoto ya zame ya faɗi, ba ta gani ba. Mahaifinta Alhaji Badamasi, mai sayar da huluna a kasuwar Jimeta, shi ya tsinta, don ya ga faɗowarsa daga jakar Jibrilla. Dattijo ne a hoton, da rawani da alkyabba, farin gemu har ƙirji, littafi a cinya. Alhaji ya sumbaci hoton. Wannan ai ko ba a faɗa ba Shehi ne daga Maroko! Bai tambayi kowa ba, ya kai aka sa masa gilashi, ya rataye a zaure, yana nuna wa duk wanda ya shigo irin surukin da Allah ya ba shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar, zaure cike da abokansa har da ƙaninsa Bappa Rilwanu, Jibrilla ya zo gaisuwa. Raliya na bayan ƙofa da kwanon fura.

"Yauwa, ga mai shi! Jibrilla, faɗa musu sunan Shehin nan, mu sami albarka."

Jibrilla ya ɗaga kai, ya sunkuyar.

"Baaba... sunansa Boaz. Babban malami ne a Maroko, amma malamin Yahudawa ne. A kansa nake rubutu."

Bappa Rilwanu ne ya fara fashewa da dariya.

"Hamma! Mako biyu kana sumbatar Bayahude!"

Kafin magariba Alhaji ya aika gidansu Jibrilla: a janye rana, babu aure.

Kwana uku Raliya na kuka kafin ta kira shi a waya.

"Haba Hamma Jibrilla! Ka kasa cewa sori Baaba, zan faɗa maka anjima? Dole sai a gaban mutane?"

"A gaban mutane ya tambaye ni, Raliya. In ce Shehi ne, su shafa addu'a?"

"To ga gaskiyarka nan, sai ka aure ta!" Ta kashe wayar, ta sake kira, ta sake kashewa.

Abin ya ƙi wucewa. A kasuwa ana tsokanar Alhaji, ana tambayarsa yaushe za shi ziyarar Shehin nasa. Shi kuwa duk wanda ya zo ba da baki sai ya ce, "A wannan zamanin da ake tsare mutum a shingen sojoji kan takarda ɗaya, zan ba da 'yata ga mai yawo da rubutun da ba a san kansa ba?" Dada, mahaifiyarta, ta roƙa. Goggonninta suka roƙa. Liman ya ce masa karanta tarihin wani ba shiga addininsa ba ne. Ko gezau!

Shekara biyu aka kwashe. Ƙawayen Raliya suka yi aure, har da goyo. Duk saurayin da ya aiko sai ta ce ciwon kai take. Wata rana suka haɗu a bakin titi ta ce wa Jibrilla su je kotu kawai alƙali ya ɗaura musu aure, ta gaji.

"Ba zan kai mahaifinki ƙara ba," ya ce.

"Kai dai komai ba za ka ba! Ƙarya ba za ka ba, kotu ba za ka ba. Ni fa tsufa nake!"

Ta juya ta bar shi tsaye. Amma jakar tana ƙarƙashin gadonta. Shi bai nema ba don kada ya zama sallama, ita ma ba ta mayar ba.

Da damina ɗakinta ya fara yoyo, aka fito da kaya da safe. Alhaji ya ga jakar, ya gane ta. Ya fizge, ya zazzage ta a tsakar gida.

"A kwashe a kai bola! Yanzu!"

Ya ɗaga ƙafa zai wuce, sai ya tsaya cak. Takardar da ke gabansa da Larabci take, Bisimilla a samanta. Da sauri ya durƙusa ya ɗauke, ya goge taɓon da hannun rigarsa. Ya dubi sauran da ke watse cikin laima, masu baƙaƙen da bai taɓa gani ba.

"Waɗannan fa? Akwai sunan Allah a ciki?"

"Ban sani ba, Baaba," in ji Raliya. "Mutum ɗaya ne zai iya karantawa."

Alhaji ya daɗe a tsugune, ya kasa taka su, ya kasa zubarwa. Can ya ce, "Kira shi. Ya ware mini, ya tafi."

Jibrilla ya zo, ya zauna a tabarma yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Alhaji na tambaya cikin ɓacin rai, wannan me ta ce? Haka ya ji cewa malamin ya yi shekara arba'in yana koyarwa, ɗalibansa suka bazu garuruwa. Ya ji lokacin fari ya buɗe rumbunsa bai tambayi addinin kowa ba. Ta Larabcin kuwa wasiƙar ta'aziyya ce da maƙwabtansa Musulmi suka rubuta da ya rasu.

"Kusan duka akwai sunan Ubangiji, Baaba. Shi ma ya yi wa ɗalibansa wasiyya, takarda irin wannan in ta tsufa kada a yar, a binne ta kamar mutum."

Alhaji ya juya carbinsa.

"Addininsa nasa, namu namu," ya ce a hankali. "Amma ya san girman sunan. Kai kuma, ka kunyata ni, na ji zafi. Sai dai da ka rufa mini da ƙarya ran nan, da yau ban yarda da abin da ka karanta mini ba." Ya juya wajen ƙofar ɗaki. "Raliya, daina laɓewa! Gaya wa Dadarki bikin bayan babbar salla ne."

Raliya ta zube a ƙasa tana kuka, Dada ta rangaɗa guɗa.

Yau suna unguwar Shagari Lokos da 'ya'ya uku, Jibrilla na koyarwa. Kin ga dai, ƙawata, gaskiya takan jinkirta wa mutum abin da yake so amma ba ta hana shi, kuma yarinyar da ta yi haƙuri da iyayenta, ko tana gunaguni, Allah ba ya barin ta. Amma don Allah ki bar shi a cikinki. Alhaji na nan da ransa, kuma har yau ba ya son a tuna masa.