Turaku Bakwai a Bangon Garaji

Ranar Lahadi ce, la'asar ta yi sanyi, Halimatu tana tankaɗe gari a bakin madafa tana jin ƙarar guduma daga garaji. Wata biyu ke nan da suka baro ɗakunan haya na unguwar Kalley suka tare a wannan gida na gwamnati a unguwar Filato, nan cikin birnin Yamai, wanda wani Bature ya bari da aka samu ƴancin kai. Mijinta Yakuba akawu ne, ba shi da mota, sai garajin ya zama ma'ajiyar tarkace. Ran nan ya ce ya gaji da tuntuɓe, komai zai hau bango.

Bangon kuwa na siminti ne, ƙusa ba ta shigarsa. Sai da ya lanƙwasa goma kafin ya tuna yadda magina ke yi: a haƙa ɗan rami, a cusa turken itace ya matse, sannan a kafa ƙusa a cikin itacen. Itace bai yi masa nisa ba. A bayan garajin akwai kututturen tsohuwar tsamiya da aka sare tun lokacin ginin. Ya faskaro, ya fere turaku bakwai. Ya rataye kekensa, da kan gadon ƙarfe, da mataccen keken ɗinki, da tukunyar biki, da sirdin raƙumin marigayi mahaifinsa, wanda sai da ya ci turke biyu don rashin fasalinsa. Na bakwai, can sama, ya bar wa hoton marigayin.

Ana kiran magariba yana kan na ƙarshe.

"Malam, ka bari haka nan, almuru ta yi," in ji Halimatu.

"Saura bugu ɗaya."

Da bugun nan kaji suka yi tsit. Autarsu Habsatu, ƴar shekara tara, tana zaune kusa da uwar. Yarinyar ta dafa tata kafaɗar, ta waiga, ta ce, "Inna, wa ya aza mini kaya?"

Washegari ba ta je lakwal, makarantar boko, ba. Tafiya take a sunkuye kamar mai ɗauke da dami, in ta zauna sai haki. Da rana ta faɗi, tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon garaji, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Yakuba ya zagaya da fitila, bai ga kowa ba. Yana dawowa aka fara bugu daga cikin bangon, sau bakwai, aka yi shiru.

Haka kowane almuru. Likita ya duba yarinyar ya ce ƙashinta lafiya lau. Yakuba ya ce zafi ne ke sa siminti ƙara, ya faɗa sau da yawa, kuma bai sake shiga garajin ba. Habsatu kuwa kullum ƙara duƙawa take, har haɓarta ta kusa gwiwa, abinci ya daina wucewa. Ran Asabar Halimatu na yi mata wanka ta ga tabo bakwai a gadon bayanta, baƙaƙe, kowanne kamar kan ƙusa. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaura mayafi ta taka har unguwar Maourey, ta zo da Malam Isaka, tsoho mai ƙarancin magana da aka sani da irin wannan aiki.

Malam ya duba bangon, ya duba kututturen, ya daɗe a can. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar garaji aka kwantar da yarinyar. Rana ta riga ta yi ja. Ya dafa kanta ya fara karatu a hankali, har inuwar gidan ta rufe su.

Sai Habsatu ta yi dariya. Muryar tsohuwa ce, busasshiya.

"Wa ke magana?" in ji Malam.

"Mai gidan."

"Mai gidan ga shi a tsaye."

"Wannan? Baƙon jiya? Ina nan tun Yamai tana bukkokin masunta. Aka sare mini inuwa, na haƙura, na koma cikin kututture, ban taɓa kowa ba. Shi kuma ya tsaga ɗakina ya cusa a dutse, ya soke ni da ƙarfe ko bismilla babu, ya rataya mini kayan gidansu. Abin da nake ɗauke da shi ɗiyarsa ke ɗauka. Ku bar mini ita, mu rabu."

Malam ya ce, "Ba za a bar miki ba. Ita ba ta riƙe guduma ba. Faɗi abin da zai raba ki da ita, ko na ci gaba da karatu har ki rasa kututturen ma."

Muryar ta sassauta.

"Ku mai da mini itacena, duka, kafin ladan ya rufe baki daga kiran magariba. Kada bakin ƙarfe ya sake taɓa shi. Abin da ya saura a bango ya saura a jikinta."

Yakuba ya ruga ciki. Ya sauke keke, ya sauke sirdi, tukunya ta kuɓuce ta gangara. Suka ɗaura igiya a kan kowace ƙusa suna ja, shi da matarsa, turke na fitowa tare da ita, Malam na zare ƙusar da hannu. Duk wanda ya fita sai yarinyar ta ja numfashi, bayanta ya ɗan miƙe. Shida suka fita. A na bakwai ƙusar ce kaɗai ta zo, itacen ya zauna a raminsa. Daga nesa ladan ya ɗaga murya.

Yakuba ya kai hannu ga guduma, Malam ya riƙe shi.

"To sai dai a fasa bangon," in ji Yakuba. "Gidan gwamnati ne, Malam. In aka gani…"

Halimatu ba ta tsaya jin sauran ba. Ta kifa turmi ta hau, ta ɗaga taɓarya da hannu biyu. Ita da ko tari ba ta yi da ƙarfi gaban baƙo, ta daki bangon nan kamar tana surfe, siminti na zubo mata a fuska, har bulon ya tsage. Turken ya faɗo a farfashe, ɗanye jagab kamar yanzu aka saro shi. Ta tsince gutsattsarin a haɓar zane, ta ruga bayan garaji, ta zube su a kan kututturen daidai da ladan ya kai ƙarshe.

"Na tafi," in ji muryar. "Abin da na samu na karɓa."

Habsatu ta yi atishawa sau uku. Ta tashi zaune, bayanta a miƙe, ta nemi ruwa da muryarta ta kullum.

Halimatu ta miƙa mata moɗa. Yarinyar ta kama da yatsu huɗu. Ƙaramin yatsan ya tsaya a sandare, ya ƙi lanƙwasuwa. Uwar ta murza shi, ta hura masa iska, bai motsa ba. Ashe wani ɗan gutsuren turken ya kuɓuce mata. Ta juya ta dubi tarin ɓaraguzan da ke gindin bango, inda duhu ya riga ya sauka, sannan ta dubi Malam.

Malam Isaka ya girgiza kai.

"Ladan ya yi shiru, ɗiyata," in ji shi. "Kada kowa ya koma nema."