Man Gwaggo a Bangon Makewayi

"Ba za a kai min 'ya gidan nan ba! Na ce ba za a kai ta ba!"

Ludayin da ke hannun Kubra ya suɓuce ya faɗa cikin kaskon man gyaɗa.

Gwaggo Tambaya ce, yayar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta. Dawowarta ke nan daga ganin ɗakin amarya a kwatas ɗin ma'aikatan ruwa da ke Kadawa, ko mayafi ba ta cire ba.

Malam Datti, mahaifin Kubra, ya leƙo daga zaure a tsorace. Duk furfurarsa, in Yayarsa ta ɗaga murya komawa yake yaro.

"Yaya, ɗakin ne ya yi kaɗan?"

"Ɗaki lafiya lau. Siminti a ƙasa, kwano a sama. Makewayi, Datti! Makewayi!"

"Me ya same shi?"

"Bango baƙi ƙirin, gansakuka har ta yi gemu. Ga wani famfo da aka rataye a sama, wai shi shawa, yana ta ɗiga kamar mai mura. Har kwaɗo na tarar a ciki, ya zuba min ido sai ka ce ni ce baƙuwa."

"Ai ke ce baƙuwar, Yaya..."

Kallo ɗaya ta yi masa ya haɗiye sauran.

Gwaggo tana da ra'ayinta a kan maza, kuma babu malamin da ya taɓa iya canza mata shi. A wurinta zaure na baƙi ne, ɗaki na dangi masu zuwa jere ne, amma makewayi babu mai ganinsa sai matar gida. Namijin da ya bar shi da dauɗa, ta ce, ya riga ya faɗa maka inda ya ajiye matarsa.

"Ranar Lahadi zan koma," ta ce. "In na same shi yadda na bar shi, a mayar wa Sammani kayansa. Ga Lukmanu can, akawun sito, yaro fes-fes da babur ɗinsa, kullum sai ya aiko min da goro."

Kubra ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kusa da kasko. Ita Lukmanu ko muryarsa ba ta son ji. Sammani take so, mai buɗe ƙofofin ruwan da aka jawo daga Tiga, wanda tun ranar da ya tsamo mata tulunta daga kwalbati ba ta ƙara samun barci mai daɗi ba.

Da la'asar sai ga shi a kan kekensa, yana buga ƙararrawa kamar wanda aka yi wa albishir.

"Kubrata, me ya sami idonki?"

"Kwaɗonka ne zai raba mu."

"Kwaɗona?"

Ta kwashe komai ta gaya masa. Maimakon ya tashi hankalinsa, sai ya yi dariya ya bugi ƙirji.

"Haba sanyin idona! Kin san koren fentin da muke shafa wa ƙofofin ruwa? Ƙarfe ya shekara a cikin ruwa, ko ɗigon tsatsa ba ya yi. Babbanmu ya ba ni ragowar gwangwani. In na shafe bangon nan, Gwaggo za ta ga fuskarta a jiki."

"Da gaske?"

"Abu ɗaya kawai nake nema. Fentin ya yi kauri. Lukmanu ya ce kada in sirka da kananzir, wari zai yi. Ya ce man gyaɗa ne ke sa shi sheƙi."

Kubra ta ɗago ta dube shi.

"Lukmanu ne ya ce?"

"Ai ya haƙura da ke. Har hannu ya ba ni, ya ce Allah ya sanya alheri."

Matsalar Sammani ke nan a duniya: ko kura ce ta yi masa sallama, tabarma zai shimfiɗa mata. Ita kuwa Kubra so ya rufe mata ido. Ta lallaɓa ɗakin Gwaggo ta ɗebo cikin kwalba daga man da ake ɓoyewa don manyan baƙi, ta miƙa masa tana murmushi.

"Ka zuba da yawa, ya yi sheƙi sosai."

"Duka zan juye, rabin raina."

Duka kuwa ya juye.

Amarya ba ta zuwa ganin ɗakinta, wannan kowa ya sani. Amma babu wanda ya hana amarya ziyartar ƙawarta Asta, wadda katanga ɗaya ce tsakanin gidan mijinta da na Sammani. Hantsin Lahadi ya sami Kubra a kan turmin Asta, ta ɗora haɓa a kan katanga.

Abin da ya fara dukan hancinta ƙamshin ƙuli-ƙuli ne.

Sai ta hango Sammani a ƙofar makewayi, mafici a kowane hannu, yana ta fifita bango, gumi ya jiƙa masa riga.

"Kai! Me kake yi?"

Ya waiwayo, idonsa ya yi zuru-zuru.

"Kubra... bai bushe ba."

"Me?"

"Tun shekaranjiya nake fifita shi. Ƙofar ruwa yini ɗaya take bushewa a rana. Wannan kuwa kullum ƙara laushi yake. Ga kiyashi sun yi layi tun daga bakin titi, sai ka ce ana rabon gado."

"Na shiga uku!"

"Amma fa yana sheƙi," ya ce a sanyaye.

Kafin ta ba shi amsa aka rangaɗa sallama. Kubra ta noƙe, ta bar ido kawai a saman katanga.

Gwaggo Tambaya ta shigo cikin sabuwar atamfarta fara mai zanen tsuntsaye, wadda ba ta fito da ita sai ranar suna. Sammani ya zube yana gaishe ta. Ta amsa a daƙile, ta ɗauki buta ta nufi makewayi.

"Gwaggo, don Allah kada ki..."

"Kada na me? Me kake ɓoyewa?"

"Ki dai tsaya daga bakin ƙofa, ki leƙa."

"Ni za ka koya wa ganin ɗaki? Kauce!"

Ta shige. Allah ya yi wa Gwaggo jiki, shi kuma wanda ya gina makewayin da alama siraran mutane ya auna.



"Ah! To, ba laifi," muryarta ta fito daga ciki. "Kore shar. Har ƙamshi ya..."

A daidai nan mai gidan na asali, wato kwaɗon nan, wanda kwanakin nan ya rasa inda zai sa kansa, ya yi tsalle daga bayan bokiti ya dira a kan ƙafarta.

"Innalillahi!"

Ta ja da baya da ƙarfi. Ɓat! Bayanta ya manne da bango. Ta kai hannu neman abin kamawa, ta damƙi kan famfo ta murɗa. Ruwa ya ɓarke mata a ka.

"Jama'a! Bango ya kama ni! Ruwan sama a cikin ɗaki!"

Asta ta faɗi a ƙasa tana riƙe ciki. Kubra kuwa ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun.

Da ƙyar Gwaggo ta ɓanɓaro kanta ta fito. Daga gaba tsuntsayen atamfarta suna nan farare. Daga baya, tun daga ƙeya har dunduniya, ta koma gonar alkama. Mayafinta ya zauna a bango abinsa, tafukan hannunta biyu kore shar.

Ta tsaya a gaban Sammani tana ɗigar ruwa.

"Wa ya sa ka wannan aiki?"

Ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Ni ne, Gwaggo. Laifina ne ni kaɗai."

Zuciyar Kubra ta karye. Ta san shi ke nan, an gama. Za a ɗaure kayansa a bayan keken nan a mayar masa, ita kuma ta ƙare rayuwarta tana jin ƙarar babur ɗin Lukmanu.

Sai kuwa ga ƙarar.

Lukmanu ya shigo cikin farar shadda mai sitaci, yana kaɗa makulli a yatsa. Wai wucewa ya zo yi. Yana ganin bayan Gwaggo ya tuntsire da dariya.

"Haba Sammani! Ai ko yaron goye ya san in aka zuba man gyaɗa a fenti ba ya bushewa har abada! Gwaggo, taso in kai ki gida, wannan ba mijin aure ba ne."

Gwaggo ta juyo a hankali.

"Kai da yanzu ka sauka daga babur, wa ya gaya maka man gyaɗa ne?"

Makullin ya daina juyawa.

"Ai... ƙamshin ne..."

"Daga bakin titi?"

Ta kai tafinta hanci ta shinshina. Ta sake shinshinawa. Idonta ya ƙanƙance.

"Wannan ba na kasuwa ba ne. Wannan suyar hannuna ce. Sammani, wa ya ba ka maina?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Da kai nake!"

"Gwaggo, ki yi min duk hukuncin da za ki yi."

Kubra ta kasa daurewa. Ta miƙe tsaye a kan turmi, kunya ta tafi yawo.

"Ni ce, Gwaggo! Ni na ɗebo! Lukmanu ne ya ce masa a zuba, shi kuma ya yarda, ni kuma na ce ya zuba da yawa!"

"Au! Har da ke a kan katanga? Amarya guda?"

Gwaggo ta dubi Kubra, ta dubi Lukmanu, sannan ta dubi wanda ke durƙushe. A nan idonta ya sauka a kan hannayensa. Duk sun sassale, yatsun sun kumbura, wani farcen ya fita.

"Me ya ci maka hannu haka?"

"Kankare gansakukar ne, Gwaggo. Da guntun fartanya. Sai da na ga farin siminti sannan na shafa."

"Duk bangon?"

"Har bayan ƙofa. Can ma ai Kubra za ta gani."

Gwaggo ta sake duban hannayen nan. Da ta buɗe baki, muryarta ta sauka.

"Wauta kam kana da ita, har ta sayarwa. Amma ita ana maganinta. Wanda ya ɓare farcensa a inda babu mai gani sai matarsa, aka kuma tsare shi ya ƙi tona ta, na ba shi 'yata."

Kubra ta sulale daga kan turmi ta faɗa jikin Asta tana kuka, wannan karon na daɗi.

Lukmanu ya fara ja da baya.

"Zo nan, ɗan albarka," in ji Gwaggo. "Ai ban gode maka goro ba."

Ta dafa kafaɗunsa da hannu bibbiyu, ta shafa har ƙirji, ta juya shi ta bubbuga bayansa.

"Allah ya ba ka naka rabon. Gaida gida."

Haka ya ratsa Kadawa a kan babur, yara na binsa suna tambayar ko shi ma ƙofar ruwa ne.

Sammani ya sake kankare bangon, ya sirka fenti da kananzir, Gwaggo na zaune a kan kujera tana ba da umarni. Wuri ɗaya kawai Kubra ta aiko a bar mata: shatin tafin Gwaggo, can sama kusa da famfo.

Bayan an girbe alkama aka ɗaura aure.

Washegarin tarewa, Kubra ta tsaya tana kallon makewayin nan kore shar, ruwa na gangarowa a bango bai kama ba. Ta kai yatsa ta taɓa shatin hannun. Yatsan ya fito kore.

"Har yanzu bai bushe ba," ta ce.

Sammani ya matso, yana sosa ƙeya.

"Ni ma haka nake a kanki, Kubrata. Na yi fifitar duniya, abin ya ƙi."

Ta dangwala masa koren a kan hanci.

"To kada ka kuskura ka nemi shawarar kowa."