Mai Amsa wa Salahu

Duk wanda ya san Rano ya san gidan marigayi Malam Uzairu da ke bayan tasha, mai faifan sola a kan rufi. Yau ko akuya ba ta shiga gidan nan. Ni na san abin da ya cinye shi, kuma zan faɗa, don na gaji da jin samari suna cewa wai hassada aka yi wa Salahu. Wace hassada? Da ƙafarsa ya je.

Salahuddeen shi ne ɗan farin gidan. Ya karanci kwamfuta a Kano, ya gama bautar ƙasa, ya dawo da laftof ɗin da mahaifiyarsa, Inna Fulera, ta sayar da saniyar gadonta ta saya masa. Yaron ya iya rubuta manhaja, wannan ba na musu. Amma aiki ya ƙi samuwa. Kullum yana kan dutse a bayan gari, inda sabis ya fi ƙarfi, yana tura takardun neman aiki. Kamfani zai ce yana neman sabon shiga, a ƙasa kuma ya rubuta sai mai gogewar shekaru. To a ina zai goge, tun yana ciki? Wasu ko amsa ba sa bayarwa. Wasu su ce yanzu na'ura ce ke yin aikin sababbin shiga. Ranar da ya samu aka kira shi intabiyu ta bidiyo, aka ce ya rubuta manhaja suna kallo, sai hannunsa ya kama rawa, kansa ya toshe, har mutanen suka yi masa godiya suka kashe.

Abin ya ci masa rai. Ba yunwa yake ji ba, ku lura. Kawunsa Gwadabe, direban motar Rano zuwa Kano, yana riƙe da gidan daidai ƙarfinsa, har ya ce ya zo ya koyi tuƙi kafin Allah ya kawo. Salahu ya ji kamar an zage shi. Shi ba aiki kawai yake so ba, so yake a biya shi da dala, ya shigo gari da mota mai baƙin gilashi. Wani abokin karatunsa, Murtala, shi ya raɗa masa labarin wani mutum a can bayan Nariya, cikin duwatsun ƙasar Kibiya.

Da rana tsaka ya je, lokacin da ko makiyaya ke neman inuwa. Ya ajiye babur a bakin gona, ya ratsa dawa da ta fi tsayinsa, ya bi ta wani tsagin dutse. Da ya fita ɗaya ɓangaren sai ya ji duniya ta yi tsit, babu tsuntsu, babu iska. Ga wata tsohuwar tsamiya, ga bukka a gindinta. A ciki tuluna ne jere har bango, an ɗaure bakin kowanne da jar fata, kuma daga cikinsu wani gunaguni ke fitowa, kamar mutane na magana a bayan katanga. Ya yi sallama, ba a amsa ba.

“Nan ba a yin wannan,” in ji wata murya. “Zauna, mai kwamfuta.”

Ana ce wa mutumin Ɗanmalam, amma rabonsa da alwala Allah kaɗai ya sani. Ɗan siriri ne, fes da shi cikin farin kaftani, kuma tsabtar tasa ta fi tsoratar da Salahu fiye da ƙasusuwan da ke rataye a kansa.

“Aiki nake so,” Salahu ya ce. “Na iya, wallahi na iya. Hannuna ne ke cin amanata.”

“Sai a ba ka hannun da ba ya rawa. Akwai mai zama a kan yatsunka ya yi maka.”

“Nawa zan biya?”

Ɗanmalam ya yi murmushi. “Kuɗinka ka ci abinka. Shi dai ba ya son a katse shi. In ka zauna aiki aka kira sunanka, ba kai za ka amsa ba. Shi zai amsa.”

“In ya amsa, sai me ya faru?”

“Sai ya amsa mana. Amsa kira laifi ne?”

“Malam, ka faɗa mini gaskiya. Wanda ya kira ni ɗin, me zai same shi?”

“Ga ƙofa nan,” in ji Ɗanmalam. “Ka koma ka yi kwandasta a motar kawunka.”

Salahu ya gane. Na rantse muku ya gane akwai mugun abu a ciki. Amma maimakon ya tashi, sai ya zauna lissafi. Ubansa ya rasu. Ƙanwarsa Na'ima ba ta ce masa komai sai Yaya. Inna kuwa, shi ɗan fari ne, tunda ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba saboda kunya. In za ta yi magana da shi sai ta ce “kai”, in za ta ambace shi sai ta ce “yayan Na'ima”. Wa ya rage? Mutanen waje, kuma zai riƙa kulle ɗaki. Kun ji dabarar mai ilimi.

“Na yarda,” ya ce.

Aka jawo baƙin bunsuru, aka yanka shi ba tare da ambaton Allah ba. Ɗanmalam ya tsoma hannayen Salahu cikin ƙwaryar jinin har wuyan hannu, ya ɗaure kowane yatsa da baƙin zare, yana wasu surutai da ba Hausa ba, ba Fulatanci ba. Sannan ya ɗauko sabon tulu ya ajiye a gabansa.

“Sa bakinka ciki, ka kira sunanka.”

Ya sunkuya. Cikin tulun sanyi ƙalau, yana warin rijiyar da aka daina ɗiba. Ya ce, “Salahu.”

Daga can ƙasa aka ce, “Na'am.” Da muryarsa sak.

Ya yi baya ya faɗi zaune, Ɗanmalam kuwa ya rufe bakin tulun da jar fata, ya jera shi kusa da 'yan'uwansa.

Ba a daɗe ba wani kamfani na ƙasar waje ya kira shi intabiyu. Suka ba shi matsala, kafin ya gama karanta ta yatsunsa sun fara gudu a kan madannai. Yana kallon abin da suke rubutawa kamar ɗan kallo. Aka ɗauke shi nan take, aiki daga gida, albashi da dala. Sai ga sola a rufi, ga firji, ga siminti a tsakar gida. Ya saya wa Inna shanu a madadin tata, ya canza wa Kawu injin mota. Tsofaffi suna sa masa albarka a masallaci, iyaye suna nuna wa 'ya'yansu shi. Ya kafa doka ɗaya: in ya kulle ɗaki kada wanda ya kira shi, Turawa ba sa son hayaniya.

Amma wa zai kafa wa Kawu Gwadabe doka a gidan da yake riƙe da shi? Wata safiya ya shigo da ledar tsire da surutunsa, tun daga zaure yake ƙwala kira. “Salahu! Kai Salahu, fito ka ji yadda injin nan ke kuka!”

Salahu yana zaune, leɓunansa a rufe gam. Sai ya ji daga bayan kujerarsa an ce, “Na'am, Kawu. Je ka, ina nan biye da kai.”

Bai iya waiwayawa ba. Yatsunsa ko dakatawa ba su yi ba.

Da azahar labari ya zo. Waɗanda suka tsira a motar sun ce tun da suka bar Rano Gwadabe ke ta waige, yana cewa, “Wai wa ke kirana ne?” Daga ƙarshe ya ce “Na'am” da ƙarfi, ya saki sitiyari ya juya baya gaba ɗaya. Salahu ya yi kuka a wurin jana'iza har aka riƙa ba shi haƙuri. Kuma, Allah ya isa, kwana bakwai na wucewa ya koma kan kujerarsa. Ya ce wa kansa hatsari ne, hanyar dama ba ta da kyau.

Na'ima ce ta biyu. Yarinya mai tsiwa, tana shirin shiga makarantar koyon jinya. Ta kai masa abinci ta buga ƙofa, shiru. Ta ce Yaya, shiru. Haushi ya kama ta, ta ce, “To sannu Alhaji Salahu, mai dala! Tuwon ya huce, ka ci da sanyinsa!”

“Na'am, Na'ima,” aka ce daga ciki, a hankali, har da 'yar dariya.

Ba ta mutu ba, ita. Da ma ta mutu, wallahi da ya fi sauƙi. Daga ranar take zaune a gindin turmi, ta karkata kai kamar mai sauraro, can ta ce “Na'am”, ta miƙe ta nufi rijiya. Sai da aka ɗaure mata ƙafa da zani a jikin ginshiƙi. Malamai suka yi ruƙiyya, aka kai ta asibiti, aka dawo. Yini take tana amsawa har muryarta ta dushe.

A nan tsoro ya kama Salahu na gaske. Ya rufe laftof, ya tura ta ƙarƙashin gado, ya ce ya bar aikin. Sai yatsun suka ci gaba a kan cinyarsa. A kan tabarma, a kan kwanon abinci, har a cikin tahiya suna motsi. Ya koma bayan Nariya a guje, ya zube gaban Ɗanmalam.

“Ka ba ni tuluna in fasa! Ka karɓi komai!”

“Wanne ne naka?” Ɗanmalam ya nuna jerin. “Kira, ka ji. Duk za su amsa. Kuma ka sani, tunda hannunka ba ya tsayawa, yanzu ba ka da lokacin da ba na aiki ba.”

Ya dawo gida ya durƙusa gaban Inna, abin da ya kasa yi tun farko. Bai iya gaya mata duka ba. Ya ce, “Inna, don Allah, don Annabi, ko me kika gani kada ki ambaci sunana.”

Ta kawar da kai, kunya ta kama ta duk da halin da take ciki. “Kai, wace irin magana ce wannan? Yaushe ka taɓa ji?”

Ya daina fita don kada a kira shi a hanya. Ya daina cin abinci, don hannun ba ya tsayawa ya kai loma. Farata suka tsage, kan yatsun ya zama nama, suna ta bugun siminti suna barin ja. Ya rame har wuyansa ya zama kamar na kaza.

Ranar wata Juma'a da hantsi, maza duk sun fita, Inna ta leƙa ɗakin ta same shi a ƙasa, idanunsa sun kafe, numfashi na fita da ƙyar, yatsun kaɗai ke aiki. Ta ce, “Kai!” Bai motsa ba. Ta girgiza shi, ta ce, “Yayan Na'ima!” Shiru. Ta yayyafa masa ruwa. Yana jin ta, yana ganin fuskarta a kansa, yana ganin leɓunanta na rawa, ya kuma san abin da ke zuwa. Ya tattara duk ƙarfinsa don ya ce mata a'a, harshen ya ƙi ɗagawa. Uwa ce. Ta ga ɗanta na tafiya, kunyar shekara da shekaru ta faɗi ƙasa.

“Salahu! Salahuddeen, ɗana!”

“Na'am, Inna.”

Daga bakin ƙofa aka amsa, ba daga ƙasa ba. Murya mai daɗi, mai ladabi, irin tasa ta da. Inna ta saki kansa, ta juya, fuskarta ta washe.

“Ashe haka kake amsawa,” ta ce. “Ban taɓa ji ba.”

Ta miƙe ta bi muryar. Yana kwance yana jin takunta a tsakar gida, yana jin an ture murfin rijiya, yatsunsa na ta bugawa. Sai da ruwan ya daina motsi harshensa ya saku. Ihun da ya yi har tasha an ji.

Dangi sun ɗauke Na'ima zuwa Rurum, tana can tana amsawa har yau. Salahu kuwa yana nan da rai. Za ku gan shi a gefen tasha, cikin tsumma, yana buga dungulmin yatsu a kan wani katako. Duk garin babu mai kiran sunansa, ko yara an ja musu kunne. In an ba shi abinci sai a ajiye a nesa a ce “kai”.

To, ku masu takardu a hannu da zafin zuciya, na san neman aiki akwai ciwo, na san wulakancin da ke ciki. Amma ku ji tsoron Allah. Yaron nan ya iya aikinsa, haƙuri ne kawai bai iya ba, ya kuma zauna ya auna wa zai mutu da wa zai tsira kamar shi ya halicce su. Boka ba ya bayar da komai kyauta, kuma ba a jikinka yake yanka ba, a jikin masu ƙaunarka yake yanka. Wanda ya ga zai iya, ga hanyar Kibiya nan a buɗe. Kafin ya hau, ya fara shiga gida ya kalli fuskar uwarsa.